Neman kalma: batiran da ke ajiye wutar sola a gida

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan naɗi shiri a kan sola, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini. Turawa na cewa home battery storage, wato batiran da ke tara wutar da farantin sola ya kamo da rana don a yi amfani da ita da dare. Yawancin masu saurarona mutanen karkara ne. Me zan ce?

Injiniyan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ce batirin sola. Duk wanda ya shigo shago abin da yake tambaya ke nan: batir nawa za a sa, tubula mai ruwa ko litiyom?

Mai Shirin Rediyo: Injiniya, ai ba batir ɗaya ake nufi ba. Har da haɗa su, da inbata mai juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita, da na'urar da ke daidaita caji.

Malamin Hausa: Rumbun wuta. Na jima ina koya wa ɗalibaina ita. Manomi ya tara da kaka ya ci da rani, faranti ya tara da rana a ci da dare. Kada mu riƙa rugawa wajen Bature alhali kalmar tana bayan ɗakinmu.

Yar Katsina: Allah gafarta Malam, in aka ce rumbun wuta a rediyo, kakata salati za ta yi, ta ɗauka gobara ce ta kama hatsi. Ma'ajiyar lantarki ba ta fi ba?

Malamin Hausa: Ma'ajiya ta yi faɗi, har akwati ma'ajiya ce. Kuma lantarki ɗin ma aro ne.

Injiniyan Sabon Gari: Malam, rumbu wata da watanni yake riƙe hatsi. Batir kuwa kullum ake cika shi a zuƙe shi, in ma aka bar shi a ajiye cajin kan tsiyaye a hankali. Amma akwai inda kalmarka ta burge ni. Batirin tubula mai 200Ah da bolt 12, a takarda wat 2,400 ne na awa ɗaya, sai dai rabi kawai ya kamata a ci. Fanka mai wat 60 in ta kwana awa 10 ta cinye 600, saura ƙwayaye da talabijin. Mutane sai su jona firji da dutsen guga har inbata ta yi ta kuka ta mutu, batir ya kumbura, su dawo su ce an sayar musu da jabu. Litiyom yana jure a ci kashi 80 ko fiye, shi ya sa kuɗinsa ya yi nisa. Manomi ya san ba a share rumbu ƙarƙaf, ana barin iri. In kalmar za ta koya wa mutane wannan, ba ni da ja.

Ɗan Damagaram: Mu a nan Nijar kuran muke ce wa wutar lantarki, batir kuma batiri. Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, alhali kusan kashi 70 na wutarmu daga can take zuwa, gidaje da yawa suka koma sola, ba mu jira kowa ya raɗa mana suna ba. Ku Kanawa kun saba ku zauna ku yanke, sannan ku ce ita ce Hausa.

Malamin Hausa: Kuran Faransanci ne, ɗan'uwa. Daidaitacciyar Hausa tana da ƙa'ida.

Ɗan Damagaram: Ƙa'idar rubutun ai a Yamai aka zauna aka daidaita ta a 1980. Kuma inbata ɗin naku Larabci ne?

Yar Katsina: Don Allah ku bari. Littafi da allo daga Larabci suka zo, mota da tebur daga Turanci, ba wanda ya ce sun rage wa Hausa daraja. Baiwar Allah nan gobe take da shiri.

Malamin Hausa: Aro na da iyaka. In muka ci gaba a haka jikokinmu za su yi jimla guda babu kalmar Hausa ko ɗaya sai "da" da "na". Wannan ne ke damuna, ba son a ce ni na ƙirƙira ba.

Mai Shirin Rediyo: Na gode muku duka. Ga yadda zan yi: a farkon shiri zan ce rumbun batiran sola, in bayyana cewa batira ne a haɗe da inbata. Daga nan in ci gaba da batiran sola. Injiniya, zan ɗauki bayaninka na barin rabi.

Injiniyan Sabon Gari: Ki ƙara musu cewa tubula na son a riƙa duba ruwansa, kuma tataccen ruwa (distilled water) ake zubawa, ba na rijiya ba. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana mara iska.

Malamin Hausa: Kin cire wuta kin cusa batir a tsakiya. Ban gamsu ba, amma tun da rumbu ya shiga, a je a haka. Ni dai a aji rumbun wuta zan ci gaba da cewa.

Ɗan Damagaram: Hajiya, in shirin na kaiwa Maraɗi, ki ce kuran ko sau ɗaya.