La Bella Principessa: hannun Leonardo ne ko na wani?

Malam Habibu: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana, hoton yarinyar nan da ake kira La Bella Principessa Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, shi ne ya zana shi. Ku dubi layukan inuwar da ke gefen fuskarta, daga sama ta hagu suke gangarowa dama. Aikin bahago ke nan, Leonardo kuwa bahago ne. Farfesa Martin Kemp na Oxford ya ce Bianca Sforza ce, 'yar Ludovico mai mulkin Milan, wadda aka aurar a 1496.

Hajiya Rabi: Malam, in haka ne, ina hoton ya shige shekara ɗari biyar ba wanda ya ambace shi a rubuce? A 1998 Christie's suka yi gwanjonsa a New York a matsayin aikin Bajamushe na ƙarni na 19, kuɗinsa ko dala dubu 22 bai kai ba.

Malam Habibu: Hajiya, ai masu gwanjo ma suna kuskure. An gwada fatar da aka yi zanen a kai, ta nuna tsakanin 1440 da 1650. Ga huda uku a gefen hagu, waɗanda Kemp ya ce sun dace da ɗinkin wani littafin gidan Sforza da ke Warsaw. Wato yanko shi aka yi daga ciki.

Aminu: Ranka ya daɗe, tsufan fata daban, tsufan alli da tawada daban. Mai jabu ai tsohuwar fata zai nema. Shaun Greenhalgh, wanda aka ɗaure a Ingila kan jabun kayan tarihi, ya fito a 2015 ya ce shi ya zana a 1978.

Malam Habibu: Aminu, mutumin da sana'arsa yaudara, shi za mu kafa shaida?

Hajiya Rabi: Ni ma ban gaskata shi ba. Abin da ya fi damuna, ba a san wani zanen Leonardo a kan fata ba. Kuma lokacin da National Gallery, ma'adanar zane-zane ta Landan, ta baje ayyukansa na Milan a 2011, ba ta sa wannan a ciki ba. Almajiransa ma sun iya kwaikwayon hannunsa, Malam. Me ya hana a ce ɗayansu ne?