Fushi da sha'awa: kashe su ake yi ko yaya?

Ɗan Gwari:
Assalamu alaikum. Jama'a a warware min wannan. Tumatir nake sayarwa a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Shekaranjiya direba ya sauke min kwando goma sha biyu, huɗu sun dame, ruwa sai bin ƙasa yake. Na zazzage masa ta cikina a gaban mutane, har iyaye sai da na taɓo. Da na koma gida Unguwar Rogo kunya ta hana ni barci. Ga shi shekara biyu ke nan ina azumin Litinin da Alhamis don in kashe zuciyar nan. Wai fushi da sha'awa suna mutuwa kuwa, ko wahalar banza nake?

Tsohon Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kashe su ake yi ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya buga misali a cikin littafinsa Ihya: hankali mafarauci ne bisa doki, sha'awa ce dokin, fushi kuma karen farautarsa. Idan dokin ya horu, karen yana jin kira, a dawo gida da nama. To in ka yanka dokin ka kashe karen, da me za ka shiga daji? Ba don sha'awa ba wa zai yi sammako cikin sanyin Jos neman halali, ba don fushi ba wa zai tsare mutuncin gidansa?

Duba Ali Imrana, aya ta 134. Masu haɗiye fushi aka yaba, kuma ai ba a haɗiye abin da babu. Ita ko kunyar da ta hana ka barci, kada ka raina ta. Nafsul lawwama ke nan, rai mai zargin kansa, wadda Allah ya rantse da ita a farkon Suratul Ƙiyama.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ya gama magana, Allah ya ƙara sani. Ni dai ƙanena tambaya ɗaya gare ni: ran nan da azumi a bakinka? Maigidana in yunwa ta ci shi ko yara ba sa gilmawa ta gabansa. Sannan hadisi ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna. Ba benci a rumfar taka ne?

Ɗan Gwari:
Yaya, kin kama ni, Alhamis ce wallahi, ko sahur ban yi ba. Baba Malam na gode. Direban zai dawo ran Talata, zan tare shi tun kafin a fara sauke kaya. Amma fa maganar kuɗin kwando huɗun nan tana nan.