Daga Houston zuwa Berlin da 'yar shekara biyu da rabi: dole ne sai na zauna da ita a gidan reno?

Baƙuwar Berlin

Assalamu alaikum. Ni da maigidana 'yan ƙasar Amurka ne, shi haifaffen can, ni kuma aure ne ya kai ni, kuma a Houston muke zaune kafin aiki ya kawo shi Berlin a farkon kaka. 'Yarmu tun tana jaririya take zuwa gidan reno a can, inda ranar farko na miƙa ta, na sa hannu a takarda, na wuce wurin aikina. A nan kuwa, bayan mun sha wahala kafin mu samu gurbi a Kita, wato gidan renon yara na Jamus, sai aka ce lallai ɗayanmu ya riƙa zama da ita har ta saba, kuma babu wanda zai iya yanke mana ranar gamawa, alhali ina da darasin Jamusanci da zan fara a wata mai kamawa. Ƙari a kan haka, yarinyar da ba ta rufe baki a gida ta koma shiru a Kita, kuma tana yawan farkawa da kuka cikin dare. Shin wannan zaman doka ne, ko ana iya taƙaita shi? Kuma ya kamata mu nemi inda ake Turanci, ko mu fara yi mata Jamusanci a gida?

Uwar Uku, Neukölln

Wa alaikumus salam, ƙanwata, sannu da baƙunta. Ba dokar ƙasa ba ce, amma da wuya ki sami Kita a garin nan da za ta karɓi yaro ba tare da shi ba, domin tsari ne da aka fito da shi a nan Berlin a shekarun 1980, ya kuma bazu ko'ina a Jamus. Kwana ukun farko kuna zuwa na kimanin awa ɗaya, ki zauna a gefe guda, kada ki shiga wasanta, kada kuma ki ɗauko waya, domin amfaninki kawai shi ne idan ta waiwayo ta gan ki. A rana ta huɗu za ki yi mata sallama a fili, ki fita na ɗan lokaci. Abin da malamar ke dubawa ba rashin kuka ba ne. Tana duba ko yarinyar za ta yarda ta lallashe ta har ta koma wasa. Idan ta yarda, ana ƙara tsawon rabuwar, sai a shigo da cin abincin rana, daga ƙarshe barcin rana, wanda shi ne ya fi ba mu wahala da autana. Yawanci abin yana cin mako biyu zuwa huɗu.

Shawarata ita ce kada ki sulale ki fita ba ta sani ba, ko da kin ga ta shagala, domin gobe ba za ta saki zanenki ba. Sannan ki saya mata wandon roba na ruwa da takalmin ruwa da takalmin cikin ɗaki, ki rubuta sunanta a jikin kowanne, saboda ana fita da yara waje ko ana yayyafi, kuma za a dawo miki da ita da yashi har cikin gashi. Ki kuma rubuta musu a takarda cewa ba ta cin naman alade.

Baban Tagwaye, Hamburg

Hajiya Uwar Uku ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya kamata a faɗa wa baiwar Allah cewa damuwarta tana kan hanya. An gina wannan tsari ne a kan cewa iyaye suna da sarari, domin a Jamus uwa ko uba suna iya ɗaukar hutun reno har shekara uku ba tare da rasa aikinsu ba, yayin da dokar tarayya ta Amurka ta 1993 ba ta ba da fiye da mako 12 ba, shi ma babu albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ya shafa ba. Wanda ya fito daga can dole abin ya zo masa bambaraƙwai. Amma ba a ce sai uwa ba. Uba ma yana iya yi, muddin mutum ɗaya ne zai ɗore a kai, kuma tunda yarinyar ta riga ta san gidan reno, ki faɗa wa malamar haka, domin yana iya sa a gama da wuri.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa. Tun watan Maris na 2020 ba a karɓar yaro a Kita sai da shaidar rigakafin ƙyanda, kuma wanda ya cika shekara biyu allura biyu ake nema. A Amurka ana yin ta biyun ne tsakanin shekara huɗu da shida, saboda haka ki duba katinta da kyau, ki kai wa likitan yara, ya kuma sa ku a layin awon da ake yi wa yaro dab da cika shekara uku. Ki sayi maganin zazzaɓi ki ajiye, domin a kantin magani kaɗai ake sayar da shi, ba kamar can da ake ɗauka a babban kanti ba, kuma ranar Lahadi kasuwa a rufe take in ban da kantin maganin da ke kan aikin gaggawa. Idan jikinta ya yi zafi cikin dare, lambar likitan jiran aiki ita ce 116117, kuma zafin jikin da kika saba ji da digiri 100.4 a ma'aunin Amurka shi ne digiri 38 a ma'aunin nan. Kada ku manta da neman kuɗin tallafin yara a Familienkasse, wato ofishin gwamnati mai biyan sa, kuɗin da ya kai Yuro 255 a wata a 2025, idan takardar zamanku ta ba ku dama.

Malamar Firamare

'Yar'uwa, ni batun harshe zan taɓa. Shirun da take yi abu ne da muke gani ga yawancin yaran da suka faɗa cikin sabon harshe, kuma yana iya ɗaukar watanni. Tana saurare ne tana tarawa, kuma sau da yawa kalmomin farko da za ki ji su ne “nein” (a'a) da “meins” (nawa ne) a wajen rigimar abin wasa. Ban goyi bayan ku koma yi mata Jamusanci a gida ba, domin ku da kanku koyo kuke yi, kuma gida ne kaɗai wurin da ya rage mata kamar yadda ta san shi. Jamusanci zai zo mata daga yara. Abin da ke cikin haɗari shi ne Hausa, tunda daga bakinki kawai take jin ta.

Zancen neman inda ake Turanci kuwa ya danganta da tsawon zamanku. Idan kwantiragin maigidan na shekara ɗaya ko biyu ne, babu laifi. Idan kuwa za ku kai lokacin makaranta, ki sani cewa shiga aji wajibi ne daga shekara shida, ba a kuma yarda da karantar da yaro a gida ba kamar yadda aka halatta a Amurka. Akwai makarantar John F. Kennedy da ke unguwar Zehlendorf a Berlin, ta gwamnati ce mai koyarwa da harsunan biyu, amma masu nema sun fi gurbin yawa, don haka ban ga hikimar a cire ta daga inda ta fara sanin fuskoki saboda wannan fata ba.

Baƙuwar Berlin

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba katin, allura ɗaya ce aka yi mata, kuma mun samu ganin likita a mako mai zuwa. Maigidan ya nemi a bar shi ya riƙa shiga aiki da rana, shi zai ci gaba da zama da ita. Yaya Uwar Uku, idan an zo matakin barcin rana, ana yarda yaro ya je da bargonsa na gida, ko nasu kaɗai suke amfani da shi?