Faifan Peter Pan na 1924 ya ƙi buɗewa a na'urata

Assalamu alaikum jama'a. Ina tara tsofaffin finafinan da ba a magana a cikinsu, musamman na tatsuniyoyin yara. Wani ɗan'uwana ya aiko min da faifan DVD na Peter Pan daga Amurka, na 1924 wanda Betty Bronson ta fito a ciki. Ina sakawa sai na'urar ta nuna wai faifan na yanki na 1 ne, wato an kulle shi don na'urorin DVD na yankin Amurka kawai, ta tofo shi. Na goge shi, na gwada ta maƙwabci, duk kanwar ja ce.

Akwai wani kwafin da na taɓa saya da arha, shi yana yi, amma mutanen ciki gudu suke kamar an kora su, babu kiɗa, rubutun da ke fitowa tsakanin fage da fage ma ba ya karantuwa. Na san an ɗauki irin waɗannan finafinai da hotuna ƙasa da 24 a daƙiƙa, ina zargin nan aka kwafsa, aka sa kwafin yana gudu fiye da yadda aka ɗauke shi. Yara sai dariya suke, labarin ya wuce su.

Shin ana iya cire wa na'ura wannan kullen yankin? Ko in rage gudun kwafin a kwamfuta ba tare da hoton ya riƙa tsalle ba?