Fijon mahaifina 504: na ɗaure inji, ruwa na sauka cikin baƙin mai

Ɗan Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayanin, don in ban faro daga tushe ba, ba za a gane inda na kuskure ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun, fara, ƙirar 1984, haɗin Kaduna, mai inji lita biyu da giya huɗu. Sabuwa fil ya saye ta da bashin mota lokacin yana koyarwa. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko amaren yayyena biyu. Bayan rasuwarsa ta shekara tara a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, tayoyi suka nutse a ƙasa, ɓeraye suka yi sheƙa a kujerar baya. Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa taya ta. A na ukun har an kusa sallamawa, sai Hajiya ta leƙo daga zaure ta ce muddin tana numfashi ba za a ɗora motar Malam a kan sikeli ba.

Daga ranar na ɗauki abin a wuyana. Muka tura ta cikin gida, na kafa mata rumfar kwano, na fara kwance ta Asabar da Lahadi. Ni ba kanikanci na koya ba, malamin makaranta ne, amma akwai wani matashin bakanike a layinmu da ke zuwa ya kama mini. Kowane noti na zuba shi a gwangwanin madara na rubuta inda ya fito. Mai walda ya yanke inda tsatsa ta ci a ƙasan ƙafar direba da cikin but ya sa sabon ƙarfe. Fenti ne ba a yi ba tukuna.

Ga matsalar. Mun cire tofsilinda, wato murfin saman inji, muka kai aka goge fuskarsa. Yana can, ni kuma na riƙa juya injin da sifana ina kankare baƙin da ya daskare a kan fistin ɗaya bayan ɗaya. Muka sa sabon gasket, muka ɗaure, ta tashi. Ba ta yi minti goma ba na zaro sandar gwada mai, sai na ga man ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwan lagireto kuma ya ragu. Muka ce gasket ɗin ne jabu, muka sake wani. Haka dai. Yanzu yaron nan ya ce bulo ɗin, wato gangar jikin injin, ya tsage, in haƙura in sayi injin Toyota ɗan Kwatano a dasa mata.

Zuciyata ta ƙi. Ba taurin kai ba ne. Hajiya takan ce tun Malam yana kwanar masallaci take gane ƙarar motarsa ta ɗora masa ruwan alwala. Wannan ƙarar nake so ta sake ji, ba ta wata mota ba. Shin injin ya mutu da gaske? Kuma in yana gyaruwa, me ya kamata ya riga wani, mayar da inji ko fenti?

Tsohon Kanike, Kakuri:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kada ka sayar da injin nan, kada ma ka bari a fitar da shi daga gidan. Tun ban gama karanta bayaninka ba na ga inda gizo ya yi saƙa, kuma kai da kanka ka faɗa: ka juya inji alhali tofsilinda ba ya kai.

Injin Fijo ba kamar injinan da yaran yanzu suka saba da su ba ne, waɗanda ramin fistin yake haƙe a jikin bulo. Na 504 silif gare shi guda huɗu, kowanne kamar gwangwani mara gindi, a zaune kawai yake cikin bulo, ruwan lagireto na zagaye shi ta waje. A gindin kowane silif akwai wata siririyar takarda, ita kaɗai ce katanga tsakanin ruwa da baƙin mai. Ba noti ke riƙe silif ba, tofsilinda ne ke danne shi. Ka cire tofsilinda ka juya kiranshaf, fistin na tasowa zai ɗago silif ɗin ko da kaurin gashi ne. Takardar da ta shekara arba'in a wurin ta yage, ko tsatsa da ƙasa su faɗa ƙarƙashinta. Daga nan ko gasket goma ka canza a sama, ruwan ta ƙasa yake bi. Shi ya sa mu a da ko tofsilinda ba ma ɗaga shi tsaye, girgiza shi muke ta gefe har ya saki, sannan nan take mu sa manyan wosha da gajerun kusoshi mu danne silif ɗin kafin kowa ya taɓa fuli.

Ka gwada kafin ka yarda da ni. Zubar da man, ka kwance kaskon mai na ƙasa, ka cika lagireto da ruwa, ka kwanta da tocila. Za ka ga ɗigon yana gangarowa daga gindin silif, har ka san na nawa ne.

In haka ne, sai a zare fistin da silif duka, kowanne ka yi masa alama ya koma raminsa, fuskarsa na kallon inda take kallo a da. A wanke mazaunin silif a bulo har ya yi ƙal, ba da guduma ko cizal ba, da haƙuri. Takardun nan kauri daban-daban ake sayar da su, saboda dole bakin silif ya ɗara fuskar bulo da ɗan kaɗan, ƙasa da kaurin takardar littafi, kuma huɗun su kusa zama daidai da juna. Wannan awon ba na ido ba ne. Ka ɗauki bulo ɗin a a-kori-kura ka kai wa masu aikin injiniya da ke da agogon awo. Nan ne kaɗai nake ce maka ka fita daga gida da aikin.

Tunda ruwa ya riga ya gauraya da mai, ka duba metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a cikinsu, in sun yi zane ka canza. Ɗaurin tofsilinda daga tsakiya ake farawa a fita gefe, da sifana mai awon ƙarfi, kuma in ta yi tafiyar kamar kilomita 1,000 a sake bin ɗaurin a sake saita bawul. Injin na sanyi ake saitawa: bawul na shiga milimita 0.10, na fita milimita 0.25.

Bulon ƙarfe na Fijo bai cika tsagewa ba a ƙasar da ruwa ba ya ƙanƙara. Yaronka ba mugunta ya yi maka ba, bai taso da irin injin ba ne kawai. Ka kira shi ya tsaya a kan aikin ya gani.

Direban Kano zuwa Maiduguri:

Baba ya faɗi gaskiya a kan silif, ban da ja. Amma ƙanena bari in faɗa maka ɗaya ɓangaren, don na shekara goma sha huɗu ina jan wagon a hanyar Potiskum da Damaturu. Injin da ya kwana shekara tara ba a tayar ba, ba silif kaɗai ke damunsa ba. Kana toshe nan can na ɓullewa. Kayan gyaran kuma yanzu sai an tona, kwali iri ɗaya, abin ciki daban. Ka sayi kwantak yau, sati biyu ya ƙone. Mu da muka bar Fijo ba ƙinta muka yi ba, man da take sha da wahalar kaya ne suka kore mu.

Ni ban ce ka sa Toyota ba. Abin da nake cewa, ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi wani injin 504 ɗin sukutum, ko da mai hayaƙi ne, ka ajiye a gefe. Tsohon kafireta na Solex da tsohon dilko na asali sun fi sabon da za a miƙo maka a leda. Ranar da wani abu ya karye a hannunka, ka juya ka ciro. Kuma ka yanke wa kanka iyakar abin da za ka kashe tun yanzu, ka faɗa wa 'yan uwanka, kada mota ta jawo magana a gida.

Tsohon Kanike, Kakuri:

Shawarar ajiye inji na biyu ta yi, na goyi baya. Kaya kuwa ba su ƙare ba kamar yadda ake tsoro. A 1975 aka fara haɗa Fijo a nan Kakuri, kuma Faransa ta daina salun ɗin a 1983 amma mu muka ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000. Gawarwakinta na nan birjik a garejin kowane gari.

Abu ɗaya na manta game da dashen wani inji. A salun 504 sandar da ke kai ƙarfi baya a cikin bututun ƙarfe take, bututun kuma a ɗaure yake da giya a gaba da aksul a baya, duk abu ɗaya ne. Mai dasa baƙon inji sai ya yanka, ya yi walda, ya ƙirƙiro mazauni. Na ga waɗanda aka yi wa haka. Suna tafiya, amma wannan laushin da Fijo ke yi a kan gargada, wanda ya sa ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ba ya dawowa.

Mai Wayarin, Maraɗi:

Sannunku da aiki. Ni tambaya ta biyu zan amsa, don na ga an bar ta. Mu nan mun ga 504 iri biyu, masu shigowa daga Najeriya da waɗanda a da Turawa ke ratso Sahara da su ta Arlit da Agadas su sayar, kuma duk hanyar haɗa su ɗaya ce.

Tunda injin zai sake fita, wannan dama ce. A fesa wa ɗakin inji da cikin ƙofofi da ƙarƙashin mota fenti yanzu da babu komai a ciki. Sannan ƙafafu: shokozoba, robobi, bututun birki, sitiyari, ta tsaya a kan tayoyinta. Sai wayoyi, tun dashbod bai koma ba. Sai inji da giya. Fentin waje na ƙarshe sai an gama duk aikin da sifana za ta iya faɗowa a kan fenda. Gilashi da kujeru su ne ƙarshe. Kuma kada a fesa fenti a tsakar gida da hunturu, ƙurar za ta zauna a ciki har abada. Ka jira iska ta kwanta, a yayyafa ruwa a ƙasa.

Wayoyin Peugeot ba da launi ake bin su ba, lamba ce a buge a bakin kowace waya. In ɓera ya ci wani wuri, ka nemo lambar a ɓangarorin biyu ka haɗa, kada ka bari wani ya zo ya yanke duka ya ja nasa. Ka kankare duk inda wayar as, wato wadda ake ɗaurawa a ƙarfen mota, ke kama jiki har ƙarfe ya yi haske, rabin ciwon fitilun tsohuwar mota daga nan yake.

Birki kuma ina roƙonka don Allah, kada ka ce yana kamawa. Man birki na shan danshi, shekara tara ya isa ya cinye cikin masta, wato famfon birki. Duk wata roba a canza ta. Tankin mai a sauke a wanke, tsohon fetur ya zama danƙo a ciki, shi zai toshe maka kafireta a ranar farko. Hajiya za ka ɗauka a motar nan.

Ɗan Tudun Wada, Zariya:

Na dawo bayan sati biyar. Baba na Kakuri, Allah ya saka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Na kwanta da tocila kamar yadda ka ce, ga ruwa nan yana bin gindin silif biyu na tsakiya. Da muka zare, takardar ɗaya ta rabe gida uku, ɗayar kuma ɓarɓashin tsatsa ne a ƙarƙashinta. Bulo lafiya lau. Na kai Kaduna aka auna aka zaɓi takardu, muka canza ringi da metal. Yaron layinmu bai bar wurin ba ko sau ɗaya, shi ya danne silif ɗin da wosha da hannunsa.

Mun bi tsarin Malam na Maraɗi, an fesa ɗakin inji kafin ya koma. Ranar tayarwa ta ƙi, sai tari take ta kafireta har da wuta. Muka kwana biyu a kai. Ashe mu daga gaban mota muke ƙirga silinda ta ɗaya, alhali Fijo daga bayan inji take ƙirgawa, ta wajen kuloci. Muka gyara wayoyin fulogi a kan 1-3-4-2 daga can, bugu ɗaya ta kama. Na rubuta wannan don wanda zai zo bayana.

Na bar ta tana aiki rabin awa, na zaro sanda, mai garau. Ban kira Hajiya ba, ina so in tabbatar tukuna. Ina cikin duba lagireto sai na ji motsi a bayana, ashe ta fito daga ɗaki da carbinta ta zauna a kan turmi. Ba ta ce komai ba har na kashe. Sannan ta ce in sake tayarwa.

Yayana direba, na samo tsohon inji a Panteka, yana ƙarƙashin buhu a rumfa, kuma na zauna da yayyena mun yi maganar kuɗi. Yanzu birki muke kai. Abin da na rasa shi ne robar gilashin gaba, ta wurin ta bushe ta kakkarye, biyun da aka nuna mini kuma gajeru ne a kusurwa. In akwai wanda ya san inda zan samu mai kyau, Kano ko Kaduna ko ma Maraɗi, zan je da kaina.