Wai son mai kuɗi a jinin mace yake?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarinyar da na yi shekara 3 ina nema, an ba wani ɗan kasuwa ita makon jiya. Ban ga laifinta ba, halitta ce. Mace mai abin hannu take so, namiji kuwa ƙuruciya da kyau yake bi. Wani masani ɗan Amurka, David Buss, ya tambayi mutum sama da 10,000 a al'ummomi 37, har da Najeriya, ya fitar da sakamakon a 1989. Kusan ko'ina haka ya tarar.

Malama ta Dundaye: Wa alaikumus salam. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ƙanena. Amma rabin binciken ka ɗauko. A cikinsa, maza da mata duka sun fifita kirki da hankali a kan kuɗi da kyau. Kuma a 1999 wasu masana biyu, Alice Eagly da Wendy Wood, suka sake bin alƙaluman, suka ga a ƙasashen da mace ke da nata samun, damuwa da aljihun miji tana raguwa.

Ɗan Mabera: Raguwa kika ce, Malama, ba gushewa ba. Tun 1972 wani masanin halittu, Robert Trivers, ya yi bayanin dalili: wanda wahalar ɗa ta fi hawa kansa, shi ya fi tsantseni wajen zaɓe. Ciki wata 9, goyo kusan shekara 2. Dole ta duba wanda zai iya riƙe ta.

Baba na Kanwuri: Yara, mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo cewa ana auren mace don dukiyarta, da nasabarta, da kyawunta, da addininta, aka ce ka riƙi ma'abuciyar addini. An san zuciya na karkata, shi ya sa aka yi mata linzami.

Hajiya ta Gawon Nama: Allah ya ƙara girma, Baba. Ni abu ɗaya ke ci mani rai. Baturen nan, Buss, samari da 'yan mata ya tambaya abin da suke so. To a Sakkwato yarinya ita kaɗai ke zaɓe? Ɗiyar ƙanwata malamin firamare take so, mai babur ɗaya. Ran da aka kawo lefen wani, akwati 8, gwaggonni na ta guɗa a tsakar gida suna ɗaga atamfofi, ita tana ƙuryar ɗaki ta kifa kai bisa filo, ko tuwon dare ba ta taɓa ba. Wanda ya gani daga waje cewa zai yi ta bi kuɗi. Ɗana, ita yarinyar taka, da bakinta ta ce ba ta yi da kai?

Ɗan Mabera: A'a, Hajiya. Kawunta ne ya kira ni bayan La'asar, muka zauna a zaure, ya miƙo mani kayan na-gani-ina-so a cikin leda, ya ce in yi haƙuri. Tun ranar wayarta a kashe take.