Waɗanda Suka Ga Le Mans da Motocin Zamanin Louis Rosier

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Na daɗe ina jinjina abin da Louis Rosier, direban nan ɗan Faransa, ya yi a tseren sa'a 24 na Le Mans a 1950, lokacin da yake da shekara 44, inda ya riƙe sitiyarin Talbot-Lago T26 GS fiye da sa'a 23, ɗansa Jean-Louis bai karɓe shi ba sai na ɗan lokaci, suka kuma zo na ɗaya bayan tafiyar kilomita 3,465. Duk wanda ya taɓa zuwa filin ko ya ga irin motar, ya taimaka mana da abin da idonsa ya gani.

Tsohon bakanike: Wa alaikumus salam. Na ga irinta a bikin tsofaffin motoci na Le Mans Classic, kuma na fi rabin sa'a a tsaye a kanta. Injin mai silinda shida ne a jere, lita huɗu da rabi, ba ta da rufi, gilashin gabanta kuwa bai fi tafin hannu biyu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne giyarta, domin direba yakan zaɓi giyar tun da wuri da wani ɗan hannu, ba za ta shiga ba sai ya taka feda. Da aka tayar da ita, zafin injin da warin baƙin mai suka sa na ja da baya. A nan na gane darajar Rosier, tunda a tsakiyar tseren 1950 shi da kansa ya sauka ya gyara injin, ya koma ya sake ƙwace gaba.

Ɗan kallo: Malam, ni kallo kawai na je yi a watan Yuni, ina zaune da bargo da shayi, amma kafin ƙarfe uku na dare barci ya sace ni. Tun daga ranar na daina ganin laifin Pierre Levegh, wanda ya gwada tuƙa tasa Talbot ɗin shi kaɗai a 1952, yana kan gaba har injin ya lalace saura kimanin sa'a guda, Mercedes ta ɗauke nasarar.

Tsohon ɗalibi: Na yi karatu a Clermont-Ferrand, garin da Rosier yake da garejin sayar da motocin Renault. Wani dattijo maƙwabcina ya kai ni filin tseren motoci na Charade da ke kan tsaunukan bayan gari, wanda Rosier ya yi fafutukar a gina. Hanyar duk hawa da gangara ce da kwana, har sai da jiri ya ɗebe ni a cikin ƙaramar motarsa. An buɗe filin a 1958, shekara biyu bayan rasuwar Rosier sakamakon hatsarin da ya yi da motar Ferrari a filin tsere na Montlhéry.